Yadda Ake Neman Tallafin Karatun Digiri na Biyu da na Uku

Duk wanda yake son watan Satumba ya same shi a ajin digiri na biyu ko na uku ba tare da ya taɓa aljihunsa ko na iyayensa ba, to aikinsa yana farawa ne tun daminar shekarar da ta gabata. Yawancin manyan ƙofofin tallafin karatu tsakanin Agusta da Fabrairu ake buɗe su a rufe, sannan a shafe watanni ana tantancewa. Matasanmu da yawa sai sun ga hoton abokinsu a filin jirgi hankalinsu yake tashi, su shiga tambayar ta ina aka bi, alhali an riga an raba kuɗin wannan shekarar. Kuma ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Akwai masu sakamako mai daraja ta ɗaya daga Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai da ke zaune a gida, abin da kawai suka rasa shi ne wanda zai zaunar da su ya warware musu yadda abin yake tafiya.

Abin da za a fara riƙewa shi ne, tallafin karatu a wannan mataki ba sadaka ba ne. Duk mai bayarwa yana da buƙatarsa. Gwamnatin da ke ɗaukar nauyin baƙi tana son mutanen da za su koma gida su riƙe muƙamai suna ganin mutuncinta. Farfesan da ya samo kuɗin bincike yana son wanda zai taya shi aiki a ɗakin gwaji. Asusun man fetur yana son injiniyoyi. Shi ya sa takardar da aka cika da bayanin talauci da maraici, ko da gaskiya ne, ba kasafai take kai labari ba. Wadda ke ci ita ce wadda ta nuna mai ita ya gane abin da ake nema, kuma ya zo da shaidar zai iya.

Kuɗin da ke cikin jami'a

Sunayen da suka fi yawo a baki su ne Chevening da Commonwealth, don haka kowa can yake tururuwa. Amma kaso mai tsoka na kuɗin karatun gaba da digirin farko yana cikin jami'o'in kansu, a sassa da hannun malamai, kuma a nan ne saninmu ya fi ƙaranci.

A Amurka hanya uku ce. Ta farko, sashe ya ɗauke ka mataimakin koyarwa: ka riƙa duba takardun ɗaliban digirin farko, ka tsaya musu a ɗakin gwaji, wani lokaci ka riƙe ƙaramin aji. Ta biyu, wani farfesa ya ɗauke ka mataimakin bincike, ya riƙa biyanka daga kuɗin da ya samo. Ta uku, jami'a ta ba ka kuɗin karramawa wanda babu wani aiki a kansa sai karatunka. A biyun farko aikin ba ya wuce awa 20 a mako, a yafe maka kuɗin makaranta, a riƙa ba ka alawus duk wata, sau da yawa har da inshorar lafiya. A manyan jami'o'in bincike, wanda aka ɗauka digiri na uku yawanci da kuɗinsa ake ɗaukarsa, na kimanin shekara biyar. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, a can ana iya shiga digiri na uku kai tsaye da digirin farko. Kuɗin digiri na biyu ya fi wuyar samu, sai dai a fannonin kimiyya da injiniya inda ake bincike sosai. Kanada ma kusan haka take, sai dai a can samun malamin da ya yarda zai duba aikinka shi ne rabin tafiyar.

Sai dai fa a yi hattara da batun biza. A 2025 gwamnatin Amurka ta taƙaita shiga ga 'yan ƙasashe da dama, Chadi da Sudan tun watan Yuni, Nijar da Najeriya kuma a Disamba, kuma matakin ya shafi bizar ɗalibai. Kafin ka kashe kuɗin fom ko na jarrabawa, ka binciki halin da ake ciki daga ofishin jakadanci ko cibiyar EducationUSA da ke Abuja da Legas, kuma kada ka ɗora dukan burinka a ƙasa ɗaya.

A arewacin Turai tsarin daban ne. A Holan da Suwidin da Norwe da Denmak, digiri na uku aiki ne kamar kowane aiki. Jami'a takan tallata gurbi, ta faɗi binciken da za a yi, a nema, a yi intabiyu, wanda aka ɗauka ya sa hannu a kwantiragi na shekara uku ko huɗu da albashi da hutu. A nan dole sai da digiri na biyu. Shafin EURAXESS na Tarayyar Turai cike yake da irin waɗannan guraben, har da na shirin Marie Curie, kuma ba su da kaka, ko yaushe suna iya fitowa. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, ban da jihar Baden-Württemberg da ke karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga baƙi tun 2017. Matsalar can kuɗin zama ce, domin wanda ba shi da tallafi sai ya ajiye Yuro 11,904 na shekara guda a asusu na musamman kafin a ba shi biza.

A Ingila, Oxford tana da asusun Clarendon wanda ba shi da fom na daban; duk wanda ya nemi gurbi kafin wa'adin Disamba ko Janairu ana saka shi cikin waɗanda za a duba. Cambridge tana da tallafin Gates da aka kafa a 2000, wanda ke ɗaukar kimanin mutum 80 a shekara daga faɗin duniya. A Saudiyya, jami'ar KAUST da ke Suwal a bakin Bahar Maliya, wadda aka buɗe a 2009, tana ɗaukar nauyin ɗalibanta gaba ɗaya har da masauki, haka ma Jami'ar Sarki Fahad ta man fetur da ma'adinai a Dahran tana da tallafi mai kyau ga baƙi. 'Yan Arewa da dama sun bi ta waɗannan biyun, kuma ga wanda iyalinsa ke ɗar-ɗar da Turai, nan ya fi sauƙin samun amincewa.

Gwamnatoci da gidauniyoyi

Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a 1983, na digiri na biyu ne mai shekara ɗaya. Yana son aikin shekara biyu, wato awa 2,800, a zaɓi kwas uku, kuma a yi alkawarin komawa gida a zauna aƙalla shekara biyu. Ana buɗewa a Agusta a rufe wajen Oktoba ko farkon Nuwamba. Commonwealth, da ya samo asali a 1959, ya shafi Najeriya da Gana da Kamaru, kuma a Najeriya babbar ƙofarsa ita ce Hukumar Bayar da Tallafin Karatu ta Tarayya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi. Wanda ya cike fom ɗin Commonwealth na Landan kaɗai ya bar na hukumar da ke Abuja, ya yi rabin aiki. Akwai kuma reshensa na haɗin gwiwa da ake nema ta jami'o'in Birtaniya kai tsaye.

Erasmus Mundus na Tarayyar Turai yana biyan Yuro 1,400 a wata, a yi digiri na biyu a ƙasashe biyu ko fiye, kuma kowane kwas shi ke tantance mutanensa. Hukumar DAAD ta Jamus, wadda ta cika shekara ɗari a 2025, tana da jerin kwasa-kwasan raya ƙasa da ke buƙatar aikin shekara biyu, da kuma tallafin karatu a cikin Afirka. Turkiyya takan buɗe nata daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, da iyakar shekara 30 ga digiri na biyu, 35 ga na uku, kuma za a fara da shekara guda ta koyon Turkanci. Na Japan ta ofishin jakadanci ake bi, wajen Afrilu da Mayu, ga wanda bai kai 35 ba. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda yana ba 'yan ƙasashen da ke cikinsa, irin su Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Sudan, yana kuma da shiri ga al'ummomin Musulmi a ƙasashen da ba mambobi ba, kamar Gana. Gidauniyar Mastercard, tun 2012, ta jami'o'in da take ƙawance da su take bayarwa, kamar Edinburgh da McGill da Makerere da KNUST ta Kumasi.

Akwai guda ɗaya da ya kamata ɗaliban harshe su sani: a cikin shirin Fulbright na Amurka akwai gurbin mataimakin koyar da harshe, inda matasan malamai suka sha zuwa su koyar da Hausa na shekarar karatu guda a wata jami'a. Ba a samun digiri a ciki, amma mutum yana dawowa da sanin malamai da tsarin wurin.

Na gida da na maƙwabta

Ina ganin mun yi sake da abin da ke kusa da mu. Asusun PTDF, da aka kafa a 1973, yana ɗaukar nauyin digiri na biyu da na uku a fannonin da suka shafi man fetur da makamashi. TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, ta makarantar ake nema, kuma daga farkon 2025 an dakatar da ɓangaren fita waje. Jihohi ma sukan yi nasu, kamar yadda Kano ta tura ɗalibai Indiya da Yuganda a 2023. A Nijar hukumar ANAB ce ƙofar tallafin gwamnati da guraben da ƙasashe ƙawaye ke bayarwa. Shawarata game da tallafin gwamnatocinmu ita ce, ka nemi waɗanda suka riga ka tafiya ka tambaye su ko alawus yana zuwa a kan kari, domin zama a ƙasar mutane ba kuɗin haya wahala ce da ke kashe karatu.

Sannan ga cibiyoyin ƙwarewa da Bankin Duniya ya tallafa wa tun 2014: Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa da cibiyar lafiyar al'umma a Jami'ar Bayero, da cibiyar binciken cututtukan da aka yi sakaci da su a ABU Zariya, da cibiyar kiwo a Jami'ar Abdou Moumouni, da WACCI mai horar da masu inganta iri a Legon. Cibiyar lissafi ta AIMS, da aka kafa a 2003 a Afirka ta Kudu, tana da rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda, kuma kyauta take koyarwa har da ci da kwana. Jami'ar Tarayyar Afirka tana da cibiyoyi a Ibadan da Yawunde da Nairobi da Tilimsan. Shirin WASCAL na sauyin yanayi yana da rassa a Yamai da Minna. Ga mai 2:2, ko wanda bai taɓa bincike na sosai ba, digiri na biyu mai ƙarfi a gida ko a ɗaya daga cikin waɗannan shi ne matakalar da ta fi tabbas zuwa digiri na uku a ko'ina.

Takardu

Ka fara da shimfiɗa takardunka a gabanka: takardar haihuwa, sakamakon WAEC ko NECO, shaidar digiri, ta bautar ƙasa, katin NIN, fasfo. Ka karanta sunan da ke kan kowacce harafi-harafi. A wata Muhammad, a wata Mohammed, a wata an saka sunan gari a matsayin sunan mahaifi, a wata ranar haihuwar ta bambanta da wata guda. A wurinmu wannan ba komai ba ne, kowa ya san mutum ɗaya ne. Ma'aikaciyar da ke duba fayil a Bonn ko Ankara ba ta san haka ba, kuma ba za ta kira ka ta tambaya ba. Ka gyara wanda ke gyaruwa, sauran ka yi musu takardar rantsuwa a kotu, kuma duk fom ɗin da za ka cike ka bi yadda sunan yake a fasfo.

Sai tiranskirif, wato cikakken sakamakon kowane kwas. A jami'o'inmu da yawa fitar da shi na iya cin watanni, don haka shi za ka fara nema, kuma zuwa da kai ya fi aike. Wasu jami'o'in Amurka da Kanada sukan ce sai hukuma irin WES ta auna shi, wanda ƙarin kuɗi ne da lokaci. 'Yan Nijar da Chadi da Kamaru masu takardun Faransanci su nemi mai fassara da hukuma ta amince da shi.

Gwajin Turanci irin IELTS da TOEFL yana da tsada, kuma sakamakonsa shekara biyu kawai yake aiki. Kafin ka biya, ka duba shafin sashen da kake nema. Jami'o'i da dama suna karɓar sakamakon Turanci na WAEC, ko wasiƙa daga magatakarda mai cewa da Turanci aka koyar da kai. Haka jarrabawar GRE, sassa da yawa sun daina neman ta. Kuɗin fom ma ana yafewa idan ka rubuta wa mai kula da karatun manyan digiri na sashen ka roƙa cikin ladabi, ko ka halarci taron bayani da suke yi ta intanet.

Wasiƙar da ake rubuta wa farfesa

Idan digirin bincike kake so, wannan wasiƙar ta imel ita ce ƙofa, kuma a nan aka fi yin kuskure. Mutum ya rubuta wasiƙa ɗaya mai cike da yabo, ya aika wa malamai ɗari, bai ma canza sunan fannin ba. Farfesa yana gane irinta daga layin farko.

A ce ka karanta kimiyyar tsirrai, kuma furojet ɗinka na ƙarshe a kan ƙuduji ne a gonakin dawa. Ka shiga Google Scholar ka nemo waɗanda suka buga bincike a kan ƙuduji cikin shekaru uku da suka wuce. Ka zaɓi mutum goma, ka karanta aƙalla muƙala ɗaya ta kowannensu daga farko har ƙarshe, musamman wurin da suke faɗin abin da ya rage ba a gano ba. Sannan ka rubuta wa kowa tasa. A layin take ka sa abin da kake nema da shekarar shiga. Sakin layi na farko: ni wane ne, ga digirina, ga jami'ata, ga sakamakona. Na biyu shi ne zuciyar wasiƙar: na karanta aikinka na kaza, inda ka nuna wasu nau'o'in dawa suna rage tsirowar ƙuduji, a nawa binciken na gwada nau'i huɗu a gonakin manoma a damina biyu, kuma na lura da abu kaza, ina so in bi wannan tambayar. Na uku: ko kana ɗaukar ɗalibi a shekara mai zuwa, kuma ko akwai kuɗi? Ka haɗa da takardar tarihin karatu da aiki wadda ba ta wuce shafi biyu ba, da tiranskirif. Dukan wasiƙar kada ta wuce abin da za a karanta a fuskar waya ba tare da dogon ja ba.

Ka lura da abin da kake da shi wanda ɗalibin can ba shi da shi. Ka san gonar, ka san manomin, kana jin harshensa, ka san watan da ƙuduji ke fitowa da abin da mutane ke yi masa. Mai binciken zazzaɓin cizon sauro, ko kwararowar hamada, ko rubuce-rubucen ajami, ko Tafkin Chadi, yana matuƙar buƙatar irinka. Kada ka ɓoye wannan don kana ganin ƙauyanci ne. Shi ne jarinka.

Idan mako biyu ya wuce shiru, ka sake tuntuɓa sau ɗaya, a taƙaice. Idan har yanzu shiru, ka wuce gaba. Yawancin wasiƙun ba za a amsa su ba, kuma wannan ba hukunci ba ne a kanka.

Bayanin manufa

Kusan kowane fom yana son ka rubuta wane ne kai, me kake so, me ya sa nan, me za ka yi bayan ka gama. Tarbiyyarmu ta hana mutum yabon kansa, shi ya sa namu da yawa sukan ɓuya a bayan "mun yi" da "an yi", ko su cika shafi da manyan kalmomi marasa kama. Mafita ita ce ka bar siffanta kanka, ka ba da labarin aiki. Maimakon "ni shugaba ne mai kishin al'umma", ka ce lokacin bautar ƙasa an tura ka ƙaramin asibiti, ka tarar ana rasa yaran da suka fara rigakafi ba su ƙarasa ba, ka tsara littafin bibiya, ka haɗa kai da mai unguwa da limami da ungozoma, kuma ga yadda adadin masu dawowa ya canza cikin wata shida. Wannan ba fahariya ba ce, rahoto ne. Sai dai adadin ya zama na gaskiya, domin a intabiyu a kansa za a tsare ka.

Kowane mai bayarwa da abin da yake sauraro. Chevening shugabanci da iya hulɗa da mutane yake nema. Kwamitin digiri na uku tambayar bincike yake nema, da alamar ka san abin da aka riga aka yi. DAAD da Commonwealth suna son su ji amfanin karatun ga ci gaban ƙasarka, da sunan ma'aikata ko matsala takamaimai. Don haka rubutu ɗaya ba ya yi wa kowa.

Kada ka kwafi na wani, kada ka ba manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta maka. Ana tace rubutun da na'urar gano satar fasaha, kuma masu dubawa sun karanta dubbai masu kama ɗaya. Ka rubuta da kanka tun da sauran wata guda, ka ba mutum biyu su duba: wanda ya san fannin, da wanda ya ƙware a Turanci.

Masu ba da shaida kuwa, malamin da ya duba furojet ɗinka ya fi babban farfesan da bai san fuskarka ba. Ka je ka gaishe shi, ka nemi alfarmar tun da sauran mako shida, ka ba shi tarihin karatunka da bayanin manufarka da ranar rufewa a rubuce. Ka tabbatar yana buɗe imel ɗinsa na jami'a, domin can ake aika masa mahaɗin da zai ɗora wasiƙar, kuma fom da yawa sun mutu ne saboda wasiƙa ɗaya ba ta shiga ba. Ka tuna masa cikin girmamawa idan saura mako guda.

In an kira ka intabiyu, ka sake karanta duk abin da ka rubuta, ka sa wani ya yi maka tambayoyi da babbar murya. Idan ta intanet ne, ka tanadi layi biyu da cajin da zai kai, ka gwada wurin tun jajibiri.

Babu tallafin gaskiya da ake saya. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi a WhatsApp zai sama maka gurbi, ko ya aiko maka da albishir na abin da ba ka nema ba, ɗan damfara ne. Ka riƙa shiga ta shafin jami'ar ko na hukumar da kanka, kada ka ba kowa lambar sirrinka ko hoton fasfonka.

Ga 'yan'uwa mata, akwai ƙofofin da naku ne ku kaɗai: shirin Faculty for the Future na gidauniyar Schlumberger ga masu digiri na uku a kimiyya da injiniya, da na ƙungiyar OWSD da ke Trieste ga 'yan ƙasashe irin su Nijar da Chadi, da na AAUW a Amurka. Na san abin da ya fi tsayar da mace ba fom ba ne, maganar gida ce. A fara ta da wuri, da iyaye ko maigida, da bayani a hannu: ga garin, ga masaukin, ga tsawon lokacin, ga wata tamu da ta je ta dawo. A kuma duba dokar tafiya da iyali. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na aji zuwa da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. DAAD da Commonwealth kuma suna da alawus na iyali a matakin digiri na uku bisa sharuɗɗa.

Idan takardar ta zo

Murna takan hana mutum karatu da kyau. Samun gurbi daban, samun kuɗi daban, kuma "tallafin kashi 50" a jami'ar da kuɗinta ya kai Fam 25,000 yana nufin kai za ka nemo sauran, da haya da abinci a kai. Ka zauna da biro ka nemi amsar waɗannan a cikin takardar: an yafe kuɗin makaranta duka ko wani ɓangare? Alawus na wata tara ne ko goma sha biyu? Shekara nawa aka lamunce, kuma da wane sharaɗi ake sabuntawa? Wa zai biya inshorar lafiya da ƙananan kuɗaɗen zango da tikitin jirgi? Nawa ne hayar ɗaki a garin? Alawus ɗin da zai wadatar a ƙaramin gari ba zai biya ɗaki a Landan ko Boston ba. Abin da ba ka gane ba ka tambaya a rubuce, ka kuma nemi ɗalibi ɗaya ko biyu da ke ƙarƙashin malamin ka ji yadda yake tafiyar da mutanensa, domin shekara huɗu ko biyar za ka yi a hannunsa. Yawancin jami'o'in Amurka sun yi yarjejeniyar ba ɗalibi har 15 ga Afrilu kafin ya amsa tayin kuɗi, don haka kada ka yi gaggawa idan kana jiran wasu.

Ko tallafin ya cika, akwai kuɗin da kan fita daga hannunka kafin tafiya. Na Amurka akwai Dala 350 na rajistar SEVIS da Dala 185 na biza. Na Birtaniya akwai gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, da kuɗin lafiya na Fam 776 a kowace shekara idan mai tallafin bai ɗauka ba. Wasu sukan mayar maka da abin da ka kashe, amma sai ka isa. Idan ma'aikaci ne kai, ka karɓi izinin hutun karatu a rubuce, ka karanta yarjejeniyar dawowa aiki kafin ka sa hannu, kai da masu tsaya maka. Takardunka na asali su kasance a jakar hannu, ba a cikin akwati ba. Sannan ka tambayi sakataren sashe ranar da ake biyan alawus na farko, domin sau da yawa sai ka buɗe asusun banki wata ya ƙare kafin ya shigo. Ka lissafa kwanakin da ke tsakanin saukarka da wannan ranar, ka haɗa da kuɗin ajiyar ɗaki da rigar sanyi, ka tanadi abin da zai riƙe ka tun kafin ka sayi tikiti.